Wa Ya Ɗauke Kwamfutar Rukayya?

Sufeto Nasidi bai gama cire hular da ya je masallaci da ita ba aka turo ƙofar ofis. Wata mata ce ta shigo, mayafinta ya zame daga kafaɗa ɗaya, ta damƙe waya a hannu kamar za ta murƙushe ta.

"Ranka ya daɗe, an yi mini sata."

"Zauna tukuna, Malama."

Ba ta zauna ba. A tsaye ta faɗi sunanta, Rukayya Abdulhamid, daga Kwarbai. Ta ce tana da shagon aikin riga a jikin zauren gidansu. A kwamfuta take zana aikin wuya da na aljihu, sannan injin surfani ya ɗinka. Ta rufe shago da aka yi kiran sallar Juma'a ta shiga cikin gida. Da ta fito sai ta tarar an ɓalle kwaɗo, kwamfuta ba ta nan.

"Sabuwa ce?"

"Tsohuwa ce, ko a kasuwa ba wanda zai kalle ta. Abin da ke cikinta ne. Duk zanen mahaifina yana ciki. Kuma ina da rigunan 'yan saukar karatu da zan miƙa ranar Lahadi, ko rabi ban yi ba."

Nasidi ya mayar da hularsa. Ya leƙa waje ya kira Sajan Ɗanladi.

A-daidaita-sahu ta ajiye su a bakin lungu, domin ba ta iya shiga. Rukayya na gaba tana sauri, tana waiwayen su kamar su ne ke riƙe ta.

Shagon ƙofa biyu gare shi. Ɗaya ta waje mai kallon lungu, ɗaya ta ciki mai buɗewa zuwa zaure. Kwaɗon ƙofar waje na ƙasa, an banƙare shi da ƙarfe. Nasidi ya tsuguna ya duba shi, sannan ya miƙe ya leƙa bayan ƙofar. Akwai sakata, kuma lafiyarta ƙalau.

"Kina sa wannan sakatar?"

"Kullum. Sai in fita ta zaure in zagayo in sa kwaɗo."

"Yau fa?"

Ta dafe goshi. "Ina jin na sa. Wallahi yanzu ba zan rantse ba."

Injin surfani na nan a tsaye da riga rabin aiki a bakinsa. Janareta na nan a lungun ƙofa. Shaddodin mutane na jere a kan kantar shagon, ba wanda ya taɓa su. A kan tebur kuwa sai shatar ƙura inda akwatin kwamfutar da allonta suke zama.

"Me kuma aka ɗauka?"

"Modem. 'Yar na'urar intanet, ba ta fi tafin hannu ba."

"A bar janareta a ɗauki wannan?"

"Ai ba ta buɗuwa sai da ita."

"Kwamfutar?"

"Manhajar da nake zane da ita." Rukayya ta ja numfashi, muryarta ta ɗaga. "Sayenta na yi, ranka ya daɗe, a faifai. Shekara da shekaru ina aiki da ita ba ruwana da intanet, domin ba abin da take ɗaukowa daga waje. Bara masu ita suka ce a sabunta. Tun daga nan, duk sanda zan buɗe sai na shiga akawun, su turo wasu lambobi a wayata, in rubuta, sannan ta bar ni in ga aikin hannuna. In babu sabis, sai in zauna in rungume hannu, kaya na jira."

Nasidi ya fara kaɗa makullan ofis a yatsa, abin da yake yi in kansa ya fara aiki.

"Su wa suka san da haka?"

"Dogara, mai gyara mini ita a Tudun Wada. Da Muntasir, tsohon almajirin Baba a ɗinki. Shi ma irinta yake amfani da ita a shagonsa."

A zaure wani mutum na zaune a kan tabarma, ya shimfiɗa farar riga a gwiwa, yana ɗinki da allura. Ya girmi Rukayya sosai, furfura ta fara cin gemunsa. Ta ce yayanta ne, Malam Mika'ilu.

"Malam, kana ina aka yi abin nan?"

"Ina masallacin fada, yallaɓai, kamar kowa."

"Kana da wanda kake zargi?"

"Ni ban san komai a harkar nan ba." Bai ɗago daga ɗinkin ba. "Ko inda ake kunna ta ban sani ba. Allurata ta ishe ni."

Daga bayan labule wata tsohuwa ta yi sallama. Mahaifiyarsu ce, Inna Hajo.

"Ɗan nan, ku tambayi mai gyaran nan. Jiya ma ya wuni a shagon."

Kafin su bar unguwar, Sajan Ɗanladi ya zagaya maƙwabta. Wata mai tuyar awara a bakin lungu ta ce tana wurin tun kafin huɗuba har aka sauko, ba ta ga kowa ya fita da kaya ba. Amma lungun yana da wata mafita ta baya.

Shagon Dogara ƙarami ne, cike da gawarwakin kwamfutoci. Yana ganin kaki ya ajiye sukurdireba, ya goge hannu a wando.

"Yaushe rabonka da Kwarbai?"

"Kai, an daɗe, yallaɓai. Ya fi wata."

"Tsohuwar gidan ta ce jiya ka wuni a can."

Dogara ya kalli ƙofa, ya kalli Sajan Ɗanladi da ya tsaya a cikinta.

"To, na je."

"Me ya sa ka ce ba ka je ba?"

"Abin da na je yi ne ba shi da kyau a faɗa gaban hukuma." Ya rage murya. "Ita ta roƙe ni in nemo mata hanyar da manhajar za ta riƙa buɗuwa ba sai an shiga akawun ba. Na samo wata ta bayan fage na gwada. Ta ƙi. Na mayar mata da komai yadda yake na tafi."

"Da ka kwashe zanen a filashi ka sayar fa?"

"In sayar wa wa? Fayil ɗin a kulle suke da akawun ɗinta. Ko ka kwafa ba za su buɗu a wani wuri ba. Wanda ya ɗauki kwamfutar nan, in ba shi da wayar Malama Rukayya a kusa, ƙarfe kawai ya ɗauka."

"Kalmar sirrin fa?"

"Tana ajiye a ciki, ba sai an rubuta ba. Lambobin waya ne kawai matsalar. Kuma ba sa jimawa suke mutuwa."

"Kana ina lokacin sallar Juma'a?"

"Ina nan. Tambayi mai cajin waya na gefe, tare muka ci abinci."

Ɗanladi ya je ya tambaya. Haka ne.

A hanyar komowa ta Ƙofar Doka, Nasidi na ta lissafi a ransa. Ƙafarsa kawai ke rawa a cikin keken, har direban ya waiwayo ya dube shi.

Shagon Muntasir na kusa da kasuwa, ya fi na Rukayya girma, injinansa biyu. Sun same shi tsaye a kan kujera, ya ɗaga modem sama ta taga yana neman sabis.

"Tun safe nake fama," ya ce yana saukowa. "Na biya kuɗina, kwamfuta tawa, wuta tawa, amma sai wani da ban taɓa gani ba ya ba ni izini in yi aiki."

"An sace kwamfutar Rukayya."

"Na ji. Allah ya mayar da alheri."

"An ce ka daɗe kana son zanen Malam Abdulhamid."

"Wa ba ya so? Askar da yake zanawa a ƙirjin riga, har yau ba wanda ya iya irinta a birnin nan. Na nema ta sayar mini, ta ƙi, na haƙura."

"Kana hulɗa da mutanen gidan?"

"Ko kaɗan. Tun rasuwar Malam ban sake taka zauren ba, su ma ba mai zuwa nan."

Bai rufe baki ba wani tela maƙwabcinsa ya leƙo da tsinken tsire a hannu.

"Muntasir, yau Malam Mika'ilu bai zo karatun nasa ba ne? Au, sannunku, yallaɓai."

Ya janye kansa da sauri. Nasidi ya daina kaɗa makullai.

"Karatun me?"

Muntasir ya zauna a bakin tebur. "Roƙona ya yi kada in faɗa wa kowa. Kunya yake ji, babba da shi. Tun bayan damina yake zuwa ya zauna a bayana yana kallo. Yadda ake haɗa wayoyi, yadda ake buɗewa, yadda ake tura zane zuwa firinta."

"Firinta?"

"Ita ya fi tambaya. Har aron tsohuwar tawa ya yi ran Laraba, ya ce wani abokinsa ke so."

Ana kiran magariba suka fito. Ɗanladi ya ce su wuce Kwarbai kai tsaye.

"Mu faɗa cikin gidan mutane, gaban tsohuwa, a kan aron firinta?" in ji Nasidi. "In ba mu samu komai ba fa? Mun raba wa da ƙanwa a banza. Gobe zan nemi takardar bincike."

Bai yi barcin kirki ba. Da safe ko shayinsa bai shanye ba wayarsa ta yi ƙara. Rukayya ce, tana magana kalma na hawa kan kalma.

"Sun turo lambobin! Yanzun nan, ana kawo wuta. Wani na ƙoƙarin buɗewa!"

"Kada ki ba kowa. Kada wayar ta bar hannunki. Ga mu nan."

A tsakar gida suka same ta, tana kai da kawowa tsakanin rijiya da madafa. Inna Hajo na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, amma ba ja take ba.

"Sau uku ke nan," in ji Rukayya, ta miƙa masa wayar. "Kuma wani ya kira ni ya nemi lambobin? Babu."

"A ina kike ajiye wayar nan da safe?"

"A ɗakin Inna nake sa caji, nan ne soket mai kyau. Yau dai na ƙi ajiyewa, ina jiran kiranka."

"Wa ya nemi ki ajiye?"

Rukayya ta waiwayi mahaifiyarta. Inna Hajo ce ta amsa, a hankali.

"Mika'ilu ya leƙo ɗakina sau biyu. Ya ce allura yake nema."

Wayar ta yi ƙara a hannun Nasidi. Ta sake yi, ta sake. Saƙonnin masu kaya ne ke shigowa a jere, kowa na tambayar rigarsa. Rukayya ta leƙo, ta yamutsa fuska.

"Ya aka yi suke shigowa? Datata ta ƙare tun jiya da yamma."

Nasidi ya dubi saman allon wayar. Ga 'yar alamar nan mai kama da mafici, a cike. Ya taɓa ta. Sunan da ya fito shi ne Rukayya Surfani.

"Wannan fa?"

"Modem ɗina ne." Muryarta ta dusashe. "Wayar da kanta take kama shi in yana kunne."

"Daga nesa?"

"Ko bakin lungu ba ya kaiwa."

Nasidi ya riƙe wayar a gabansa ya fara tafiya. Ya nufi zaure, alamar ta ragu. Ya juyo ya bi ta gefen rijiya, ya wuce wani kangon ɗaki da rufinsa ya rufta, alamar ta cika. A ƙarshen gidan akwai ɗaki mai sabon labule, ƙofar a rufe, takalmi ɗaya ƙafa biyu a bakinta.

"Ɗakin Yaya ne," in ji Rukayya. Ba ta ƙara matsowa ba.

Nasidi ya yi sallama. Shiru. Ya ƙwanƙwasa.

"Malam Mika'ilu, Sufeto Nasidi ne. Ba na so in ɓalle ƙofa a gaban mahaifiyarka."

Aka ja sakata.

Kwamfutar na kan tabarma, an ɗora allonta a kan akwatin kaya. Ga firinta a gefe da sabon bandir na farar takarda, ko ɓare shi ba a gama yi ba. Modem na kan taga yana ƙyafta koriyar wuta. A allon kuwa ba zane ko ɗaya, sai wani farin gurbi da ke jiran lambobi.

Mika'ilu ya koma ya zauna a bakin gado. Idanunsa sun yi ja.

"Ka ce ko inda ake kunna ta ba ka sani ba."

"Na faɗa."

"Ka ce kana masallacin fada."

"Na je, amma a raka'a ta biyu na samu." Ya dubi kwamfutar. "Na jira maza suka fita, mata suka shiga alwala. Na buɗe ƙofar shago ta zaure da makullin Baba na da, na shigo da kayan nan. Sannan na zare sakata, na zagaya na ɓalle kwaɗo don a ce daga waje ne."

"Wa za ka sayar wa? Muntasir?"

Mika'ilu ya ɗago da sauri. "In sayar da hannun ubana? Yallaɓai, ka ga kangon da ka wuce? Ɗakin Baba ne. A nan takardun zanensa suke, cike da adaka. Ruwan bara ya rushe ɗakin a kansu, muka tono su sun zama kunu. Abin da ya rage a duniya shi ne wanda Rukayya ta kwafa a cikin wannan abin."

Rukayya ta iso bakin ƙofa. Ya dube ta, ya ci gaba da magana da Nasidi.

"Ni na zauna a gabansa tun ina yaro. Ni yake buga wa allura a yatsa in na karkace. Yau in ina son ganin tambarin riga da ya zana, sai na roƙi ƙanwata, ita kuma sai ta roƙi waɗansu mutane a wata ƙasa. Na ce ta buga mini a takarda. Ta ce gobe. Na sake cewa, ta ce babu sabis. Ran nan ina zaure na ji tana gaya wa Dogara, in suka rufe akawun ɗin nan wata rana, shi ke nan, komai ya tafi. Tun ranar ban sake samun natsuwa ba."

"Da ka gama bugawa fa?"

"In ajiye ta a bakin lungu a tsinta."

"Da rigunan mutane da ke jiran ta? Da Dogara da ka bari ana zargi?"

Mika'ilu ya sunkuyar da kai.

"Yaya," in ji Rukayya. Ta tsaya, ta sake farawa. "Ba sabis ne ya hana ni ba. Tsoro nake ka ba Muntasir. Na ga kana shiga shagonsa."

"Koyo nake zuwa yi."

"Ai ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba."

Ta juya ga Nasidi, hawaye na zubo mata. "Ranka ya daɗe, na janye. Kayana ne, na gan su, na yafe."

"Ba a nan ake janyewa ba, Malama. An buɗe fayil, an fasa shago, an yi wa hukuma ƙarya. Zai bi mu ya ba da jawabi. Ki zo ofis ki faɗi abin da kika faɗa yanzu a gaban Di-fi-o, shi zai yanke." Ya dubi kayan da ke kan tabarma. "Sajan zai ɗauki hotonsu ya rubuta. Zan roƙa a bar miki su saboda aikin gobe."

Ɗanladi ya zaro ankwa. Mika'ilu ya kalli tsakar gida, inda Inna Hajo ta miƙe tsaye tana dafe da bango.

"Yallaɓai, don Allah. Ba a gabanta ba."

Nasidi ya yi wa Ɗanladi alama, ya mayar da ita aljihu.

Mika'ilu ya sa hula, ya zura takalmi. Da ya zo daidai mahaifiyarsa ya durƙusa. Ta ɗora hannu a kansa ta ɗauke. Ya tashi ya wuce, Ɗanladi a gefensa.

A bakin zaure ya tsaya ya waiwayo. Rukayya na tsaye a tsakar gida, wayar na ta ƙara a hannunta.

"Ki buga su a takarda," ya ce. "Ko ba ki ba ni ba. Ki dai buga su."

Ta gyaɗa kai.

Maƙwabta sun riga sun fito ƙofofinsu. Nasidi ya shiga gaba, ya sa Mika'ilu a tsakiya, suka bi lungun da ƙafa har inda keke ke jira.